Kwana Arba'in da Cefanen Gidana Ya Dawo Hannuna

Shekara 18 na yi ina ajiye kuɗin cefane a ƙarƙashin faifan da ake rufe ƙwaryar fura, kowace safiya kafin in fita zuwa shago. A duk tsawon wannan lokaci, da wani ya tsayar da ni a hanya ya tambaye ni nawa gidana yake ci a mako, da na ba shi amsa nan take, kuma da na rantse a kanta ban ji ɗar ba. Ni tela ne a nan Maraɗi, sana'ar da na gada ke nan daga ƙanen mahaifina, kuma mutum goma ne ke cin tukunyar gidana: ni da uwargidana, da Inna mahaifiyata, da yara biyar, da yaran shago biyu waɗanda ake kai musu abincin rana. A shekarar 2023 abin da nake ajiyewa shi ne jika ɗaya da rabi, wato sefa 1,500, ko dala 300 kamar yadda muke ƙirgawa a kasuwa, tunda dala ɗaya a wurinmu sefa biyar ce. A mako ya kama 10,500. Buhun hatsi kuwa daban nake sayensa, ɗaya a wata. Lissafina ke nan, kuma da shi nake ɗaga kai a cikin maza 'yan'uwana duk lokacin da hirar tsadar rayuwa ta tashi a majalisa.

Ba a cikin ƙoshi na tashi ba, balle a ce rashin sanin darajar abinci ne ya rufe mini ido. Ina da shekara shida aka yi yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, kuma har yau ban manta da yadda Inna take raba fura da ludayi tana ƙirgawa ba, nata kason kuma kullum shi ne na ƙarshe. Ina koyon ɗinki a watan Janairun 1994 lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, muka wayi gari duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsalle. Aurena ma a 2005 aka ɗaura shi, shekarar da fari da fara suka bar rumbuna wayam, aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da sukari da madara har jama'a suka rufe kasuwanni, kuma mata suka riƙa cika wuraren jinyar yara masu tamowa a garin nan da goyonsu. Da sefa 500 muka fara zaman gida a wannan shekara. Da yara suka ƙaru na mayar da shi 1,000, sannan a 2019, lokacin da Najeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa, na kai shi 1,500. Kowane ƙari ni ne na yanke shi da kaina, ban taɓa zaunar da mai girkin na tambaye ta ko ya isa ba, ita kuma ba ta taɓa buɗe baki ta ce bai isa ba.

A ƙarshen Yulin 2023 abubuwa biyu suka haɗu mini a mako guda. Na farko kowa ya san shi: bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga wata, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya da Benin, a farkon Agusta kuma aka yanke wutar lantarkin da ke zo mana daga Najeriya. Wanda bai san Maraɗi ba zai yi wuya ya gane abin da wannan yake nufi ga tukunya. Daga nan zuwa Katsina bai kai kilomita 100 ba, ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma ta wannan hanya taliya da garin rogo da doya da manja da kayan masarufi da dama suke shigo mana, shinkafa kuma yawancinta daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano take tahowa. Kayan ba su ɓace daga kasuwa ba, domin masu babura sun ci gaba da ratso daji da su, amma kowace wahala da suka sha a hanya sai da mai saye ya biya ta. Ni kuma keken surfanina da wuta yake aiki, saboda haka a daidai lokacin da farashi yake hawa, samuna yake sauka.

Na biyu kuwa a cikin gidana ya faru. Uwargidana ta zo haihuwar autanmu, abin ya zo da gardama, aka yi mata tiyata. Allah ya raya ta, ya raya yaron, amma likita ya hana ta duk wani aiki mai nauyi, ya ce ko turmi kada ta matsa. Murhu ya koma hannun 'yarmu, wadda a lokacin take da shekara 15, Inna tana nuna mata daga zaune. Ni ma ban canza komai ba, na ci gaba da ajiye jika ɗaya da rabi a ƙarƙashin faifai ina fita.

A rana ta uku, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, sai ga yarinyar a ƙofar shago, ta tsaya daga gefe tana murza bakin hijabinta, ta jira har mai awon riga ya tafi. Ta durƙusa ta ce, "Baba, kuɗin sun ƙare, kuma ban sayi icce ba, ba a kai niƙa ba." Abin da na yi a wannan lokaci yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu. Na yi mata faɗa a gaban yaran shago, na ce uwarta shekara da shekaru tana ciyar da gida da wannan kuɗi ba a taɓa biyo ni shago ba, na ce ko dai tana bari 'yan kasuwa suna cutarta, ko kuma tana sayen kwalama a hanya. Ba ta ce komai ba. Ta kwance bakin ɗankwali ta ajiye mini dala uku da suka rage a kan teburin yanka, ta fara lissafa mini abin da ta saya ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana zuba amma muryarta ba ta yi rawa ba, kuma da na bi lissafin a zuciyata sai na tarar ko dala ɗaya ba ta ɓace ba.

Washegari Juma'a ce, ɗaya daga cikin ranaku biyu da kasuwar Maraɗi take ci sosai, ita da Litinin. Na rufe shago, na ɗauki wani tsohon kaye da nake rubuta awon mutane a ciki, na ce yarinyar ta shige gaba. Tun daga wannan rana har kwana arba'in suka cika, babu abin da ya shiga tukunyar gidana ban rubuta shi ba, kuma makon farko da na haɗa cikakke yana nan a shafin da na naɗe kusurwarsa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kuɗin da ke tafiya kafin a sa wa baki komai. Niƙa kawai sefa 200 ne a rana, 1,400 a mako, kuma da wuta ta yi wuya masu injin gazuwal ne kaɗai ke aiki, sai an bi layi. Icce na 300 a rana, wanda a damina yake zuwa a jiƙe ya cika gida da hayaƙi, ya kama 2,100. Wato kafin a yi maganar miya, kashi ɗaya cikin uku na abin da nake bayarwa ya riga ya tafi. Shinkafa kwana huɗu ake dafa ta da rana, kilo biyu kowane dahuwa, a kan 600 kilo ya zama 4,800, ga wake tiya biyu na 2,000 da ake haɗa ta da shi domin ta yi auki. Mai lita ɗaya da rabi ya ci kusan 2,000. Kayan miya, daga tumatir da albasa da tattasai zuwa daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da gishiri da ɗanɗano, ban iya sauko da su ƙasa da 500 a rana ba duk yadda na yi ciniki, 3,500 ke nan. Nonon fura 1,400. Sukari da ganyen shayi da ƙosan da ake haɗawa da kunun safe 2,100. Nama sau biyu a mako, na jika-jika, wanda idan aka raba wa mutum goma kowa tsoka ɗaya yake samu. Da na tara, sai ga 21,300 a gabana, ninki biyu na abin da nake ajiyewa har da ɗoriya. Da na ƙara hatsi tiya goma a kan 700, lissafin ya tsaya a 28,300.

Na daɗe ina kallon wannan adadi a daren da na fitar da shi. A wannan lokaci mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a Nijar sefa 30,047 ne a wata, sai a Janairun 2024 aka ɗaga shi zuwa 42,000. Ke nan abincin mako ɗaya a gidana, wanda babu kaza a cikinsa, babu madara, babu ƙwai, ya kusa lashe albashin wata guda na maigadi ko lebura. Na san irin waɗannan mutane da sunayensu, ina yi musu ɗinkin sallah bashi, kuma da yawansu iyalinsu sun fi nawa yawa. Tun daga ranar na daina mamakin gidajen da ba a hura wuta a cikinsu da rana, sai dai a dama fura da ruwa mai yawa a sha a jira dare.

Na yi wa kaina uzuri da cewa takunkumi ne ya kumbura lissafin, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Ko da na mayar da kowane kaya farashinsa na watan Yuni, abin bai sauko ƙasa da 17,500 ba, ban da hatsi. Akwai giɓin jika bakwai a kowane mako wanda ba daga aljihuna yake cikewa ba. Na shiga ɗaki bayan sallar isha'i, na tarar tana shayar da yaron, na zauna a bakin gado da kayen a hannuna na tambaye ta daga ina ragowar yake fitowa. Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba, sannan ta ce, "Malam, ai rufin asirin gida ba na mutum ɗaya ba ne. Na ga kana iyakar ƙoƙarinka, me zan ce maka?" Na ce ina so in ji duka, kada ta rage komai.

Na san tana yin man gujiya da ƙuli-ƙuli, kowa a unguwa ya sani, amma a zuciyata na ajiye sana'ar a matsayin abin sayen zane da gudummawar biki. A daren nan na ji yadda abin yake. Sau biyu a mako take sayen gujiya ɓararriya, ta soya, ta murje, ta kai niƙa, sannan ta tsaya a kan turmi tana juya tunkuzar da muciya tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, aikin da yake cin ƙarfin kafaɗa da baya fiye da yadda mai kallo yake zato. Man da muke ci shekara 18 daga nan yake fitowa, shi ya sa ban taɓa ganin kuɗin mai a cikin cefane ba. Ƙuli-ƙulin da ake daka wa kwaɗon zogale da na rama nata ne. Iccen da take saye domin suya, da ragowarsa ake tuƙa tuwon dare. Ribar da yaran talla suke dawowa da ita da yamma, ita ce take zama nono da sukari da kuɗin niƙan gobe. Adashen da take zubawa kuma, wanda na ɗauka kayan ɗakin 'yarmu ake tarawa da shi, sau uku tana kwasarsa a watan Agusta ta sayi wake da shinkafa, domin ta san a tsakiyar damina ɗinki yana ja da baya. Daga ƙarshe na tambaye ta awakinta biyu da suka ɓace daga gidan a 2022, waɗanda ta ce mini ta kai wa yayarta kiwo a ƙauye. Ta sunkuyar da kai ta ce azumin shekarar ne ya ci su.

Ban yi barci ba a wannan dare. Jika bakwai sau mako 52 ya kama sefa 364,000 a shekara, kuɗin da zai sayi keken ɗinki fiye da ɗaya. A ɗan karatun fiƙihu da na yi a zaure an koya mana cewa ci da sha da tufafi da muhalli wajibi ne a kan miji, dukiyar mace kuma tata ce, ba a taɓa ta sai da yardarta. Na san wannan hukunci sarai, har nakan faɗa wa samari masu shirin aure, alhali a gidana mace ce take ɗauke da kusan rabin nauyin, ni kuma nake karɓar yabon. Ba na jin ni kaɗai ne a wannan hali. Duk wanda ya zaga unguwannin Maraɗi da hantsi, daga Bagalam zuwa Zariya, zai ga yara da farantan ƙosai da awara da dafaffen zogale da fura, kuma kusan kowane faranti akwai wata mata a cikin gida da take cike giɓin cefanen da mijinta ya yi imani ya wadatar. Idan aka tambayi magidanci nawa gidansa yake ci a mako, abin da zai faɗa shi ne abin da ya fita daga aljihunsa, wannan kuwa daban yake da abin da ya shiga tukunya.

Wani abu kuma da kwanakin nan suka nuna mini shi ne tsadar saye da kaɗan-kaɗan. Saboda kullum nake bayar da kuɗi, kullum ake saye, kuma mai sayen kullum ƙulli yake saye. Wata rana ni da 'yata muka sayi ƙullin mai na dala biyar-biyar, muka riƙa farkewa muna zubawa a kwalbar lita har ta cika, muka ƙirga ledojin: sun tashi 1,800, alhali litar a shago 1,300 ce. Haka sukari, haka shinkafar gwangwani idan aka gwada ta da buhu mai kilo 25. Hatsi ya fi kowanne, domin buhun da ake samu da sauƙi a watan Oktoba da Nuwamba, lokacin kaka, shi ne wanda ɗan kasuwa zai ajiye a sito ya fito da shi a Yuli da Agusta da tsada, wani lokaci manomin da ya sayar da shi ne ma zai dawo ya saye shi tiya-tiya. Akwai hatsin da ofishin gwamnati mai kula da kayan abinci, OPVN, yake sayarwa da rangwame a lokacin ƙunci, buhu mai kilo 100 a kan 13,000, kuma ya taimaki gidaje da yawa, amma ba a kansa mai mutum goma zai gina lissafin shekara ba. Mai hali yana sayen abincinsa da araha sau ɗaya, marar hali yana sayensa da tsada sau 365, kuma wannan abu yana ci mini rai har yanzu.

Ban zama mai kuɗi ba bayan haka, abin da na canza shi ne tsari. Na daina ajiye kuɗi a ƙarƙashin faifai. Kowace Juma'a bayan la'asar muna zama da kayen, ni da ita, 'yarmu tana rubutawa, a faɗi abin da ya ƙare da abin da ya saura, in bayar da kuɗin mako a dunƙule. Idan an ɗebi mai a cikin na sana'arta, ana auna shi a rubuta, in biya ta kamar yadda maƙwabci zai biya. Da farko ta ƙi, ta ce wannan ai abin kunya ne tsakanin miji da mata, sai da Inna ta sa baki ta ce mata, "Karɓi abinki, 'yar nan, ni da na samu wanda zai biya ni a zamanina da ban tsufa hannu wofi ba." Ni da maƙwabta biyu muna haɗa kuɗi mu sayi buhun shinkafa da jarkar mai mu raba. Na sayi tukunyar gas mai kilo 6, wadda farashin cika ta a hukumance 1,800 ne, ana yin miya da shayi da ɗumame a kanta, tuwo ne kawai ya rage a kan icce domin tukunyar mutum goma ta fi ƙarfinta. Kuɗin ɗinkin sallah kuma, wanda a da yake narkewa ban san inda ya shiga ba, yanzu ina danne shi har kaka in sayi hatsi buhu shida ko bakwai a lokaci guda.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris, wuta ta dawo, amma daminar wannan shekara ta zo da tsadar hatsi da ban taɓa rubuta irinta a kayen ba, ga ambaliyar ƙarshen Agusta da ta rushe gidaje ta ɗauki rayuka a garin nan. Sai bayan kaka, da kuma hana fitar da hatsi waje da gwamnati ta yi a watan Oktoba, farashi ya fara sauka. A makonnin da suka fi tsanani mun cire nama gaba ɗaya, mun mayar da shinkafa sau biyu, amma wannan karon tare muka yanke shawarar, kuma na san abin da aka cire da dalilin cire shi.

'Yata na nemi gafararta a gaban yaran shagon da na yi mata faɗa a gabansu. Uwarta kuwa na faɗa mata cewa abin da ya wuce bashi ne a kaina, ta ce ta yafe duniya da lahira, na ce na gode, amma awakin dai sai na mayar. Na sayi ta farko a kasuwar Tibiri bayan babbar sallar 2024, ja ce irin ta Maraɗi, kuma ta riga ta haifi tagwaye. Ta biyun tana nan a shafin ƙarshe na kayen, inda nake rubuta jika ɗaya duk Juma'ar da lissafin mako ya bar saura. Juma'ar da ta wuce cefanenmu ya tashi 24,600 har da hatsi, kuma an samu saura.